Asibiti ko Mai Magani: Abin Dubawa Kafin a Kashe Kuɗi Kan Ciwon Daji a Legas

Da zarar likita ya ce sankara ce, shawarwari sai su yi ta zuwa daga 'yan uwa. Wannan ya san wani mai magani a Agege, wancan ya ce a gwada zuma da habbatus sauda tukuna. Duk ƙauna ce ta kawo su, amma kuɗi da lokacin mara lafiya ne za su tafi.

Mai maganin gargajiya yana da abin da ke jan mutane, kuma ba na raina shi. Zai zaunar da Hajiya, ya saurare ta da Hausa, ya karɓi kuɗi kaɗan-kaɗan, ba zai ambaci yanke nono ba. Sai dai ba ya ɗibar tsoka a auna, don haka bai san irin cutar ba balle matakin da ta kai. Lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ke jikin kwalba ma shaida ce ta cewa an duba rashin illarsa, ba ta cewa yana warkarwa ba. Wani binciken Jami'ar Yale ta Amurka da ya fito a 2018 ya nuna waɗanda suka bar asibiti suka dogara ga irin waɗannan magunguna kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

Asibiti akwai tsada da layi, likita kuma a gaggauce yake. Amma can ne tiyata da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) suke. Cibiyar ciwon daji ta NSIA-LUTH da aka buɗe a 2019 tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, maƙwabtaka da unguwar Hausawa. Akwai LASUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja. Masu hali suna zuwa asibitoci masu zaman kansu, Lakeshore ko Marcelle Ruth a Victoria Island. Ko'ina aka zaɓa, a nemi kuɗin dukkan zagayen kemo a rubuce tun farko, domin yanke magani a tsakiya babbar asara ce.

Ni dai shawarata, sauraron nan da ake nema wurin mai magani dangi su ɗauke shi. A samu mai raka mara lafiya, mai jin Turanci ko Yarbanci, ya riƙa tambaya yana rubutawa. A kai maganar gudummawa masallaci da fadar Sarkin Hausawa, a tuntuɓi ƙungiyoyin tallafa wa masu ciwon daji irin su Sebeccly. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da kemo. Jiƙo da sassaƙe kuwa suna iya wahalar da hanta da ƙoda, don haka a nuna wa likita duk abin da za a sha kafin a kai baki.