Hattara da masu tallar "takalmin likita" na ciwon dunduniya

Jama'a, musamman iyayenmu mata, malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa masu wuni a tsaye: akwai wata talla da ke yawo a Facebook da TikTok, tana kuma faɗowa zaurukan WhatsApp, ta wani takalmi da suke kira "takalmin likita". Wai kana sa shi kwana 7, kai da ciwon dunduniya har abada. Don Allah kada kowa ya tura kuɗinsa.

Bidiyon nasu kusan iri ɗaya ne. Wani ne cikin farar rigar likita, ba suna, ba asibitin da yake aiki, yana nuna zanen ƙafa, dunduniyar ta yi jawur, ana zura takalmin sai ta koma kore. A ƙasa an soke tsohon farashi, an ce an rage rabi, kuma "saura ƙafa 5 kacal". Leƙa gobe, leƙa jibi, ƙafa 5 ɗin nan ba su ƙare ba. Masu yabo a ƙarƙashin tallar duk bakinsu ɗaya, wanda ya yi ƙorafi kuwa nan take a goge maganarsa.

Wasunsu ɓarayi ne kai tsaye: ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa bai yi kama da na shagon ba, su toshe lambarka. Waɗanda suka fi wayo su ne masu cewa sai kaya sun iso za ka biya. Ɗan aike zai zo da kwali a liƙe, ya ce ba a buɗewa sai an biya, shi aiko shi aka yi. Yana juya babur ka buɗe, ka tarar da takalmin roba mai laushi tuɓus, wanda za ka iya naɗe shi kamar tabarma. Ka kira a canja, lamba ba ta shiga. Bayan 'yan makonni shafin ya sake suna, bidiyon dai shi ne.

Abin da ya sa suke samun kasuwa shi ne ciwon na gaske ne, kuma wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Akwai wata jijiya mai kauri a tafin ƙafa, ta taso daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu. Idan nauyi ya yi mata yawa, ko don doguwar tsayuwa a kan siminti, ko ƙiba, ko yawo da silifas mara tudu, sai ta gaji ta fara ciwo daidai inda ta kama ƙashin. Shi ya sa takun farko da asuba, lokacin da mutum ya sauko zai yi alwala, ya fi kowanne azaba, sai an ɗan taka sannan ya lafa. An fi ganinsa tsakanin shekara 40 zuwa 60. Yawancin masu shi suna warkewa ba tare da tiyata ba, amma maganar watanni ake yi, wani har ya kusa shekara. Duk wanda ya ce maka kwana 7, aljihunka yake kallo.

Kwanan nan kuma sun ƙara da shimfiɗar cikin takalmi mai maganaɗisu, wai tana janye ciwo. An gwada wannan tun 2003 a asibitin Mayo da ke Amurka, aka raba wa masu ciwon dunduniya shimfiɗa mai maganaɗisu da marar shi, ba a ga wani bambanci ba. Manyan kamfanoni ma an kama su da zuzuta takalmi: a 2012 Skechers ya amince ya biya dala miliyan 40 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhume shi kan iƙirarin lafiya da ya yi game da takalminsa Shape-ups. Wannan fa mai ofishi da adireshi ke nan, balle wanda ko shago ba shi da shi.

Takalmi mai kyau yana rage wahala, ba ya warkarwa shi kaɗai, kuma hannunka ne zai gaya maka ingancinsa. Matsa bayansa, inda ya rungumi dunduniya: ya zama da tauri. Lanƙwasa shi: ya lanƙwasu a wajen yatsu kawai, ba a tsakiya ba. Murɗa shi ka ji ya yi maka gardama. Dunduniyarsa ta ɗan ɗara gaba tudu, cikinsa ya tallafi kwarin tafin ƙafa. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka taka a cikin shagon. Wallahi kambas na gwanjo a Ƙofar Wambai da ya ci wannan jarrabawa, muddin ƙasansa bai cinye gefe ɗaya ba, ya fi wancan na bidiyo. Ka haɗa da miƙar da sha-raɓa a jikin bango safe da yamma, ka mirgina gorar ruwa mai sanyi a tafin ƙafa, ka daina yawo ba takalmi a tsakar gida.

Idan ciwon ya ƙi sauƙi, ko ƙafar na kumbura ko tana mutuwa, a je asibiti, sashen gashin ƙashi ko irin Asibitin Ƙashi na Dala ga mutanen Kano. Mai ciwon suga kada ma ya jira.

Wanda kuma aka riga aka cuta, ya ɗauki hoton tallar, hirar da shaidar tura kuɗin kafin su goge, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙarar shafin, sannan ya shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. A tura wa 'yan uwa, musamman masu saya wa iyaye daga nesa.