Likitan ya ceci idon Mama, amma sun bar mu da suga

Wata bakwai Mama tana fama, shekararta 69. Da safe in ta farka kafaɗunta biyu da wuya da ƙugu duk sun sandare kamar an ɗaure ta, hannu ba ya ɗaguwa ta sa riga, tashi daga bakin gado ma sai an kama ta, sai rana ta ɗaga jikin ya ɗan saki. Duk inda muka je magana ɗaya ce, sanyin ƙashi ne, tsufa ne, a rubuta maganin ciwon jiki mu dawo gida. Har ni na fara yarda tsufan ne, Allah Ya yafe min.

Shi ne aka tura mu wani asibiti, ɓangaren ƙwararrun gaɓɓai. Wallahi ban je da wani fata ba. Likitan ya gama jin bayanin kafaɗa, sai ya yi wata tambaya da ba wanda ya taɓa yi mana, yace "Mama, in kina tauna muƙamuƙinki yana gajiya?" Tace ai sati biyu kenan sai ta tsaya ta huta tsakiyar cin abinci. Ni ɗanta ina zaune ban ma sani ba! Ya taɓa gefen kanta kusa da kunne ta zabura, tace ko taje kai ba ta iya yi, fatar kan zafi take. Ya tambayi ido, tace jiya na hagu ya yi duhu na ɗan lokaci ya dawo. Nan na ga fuskarsa ta canza.

Yace ciwon kafaɗar sunansa polimayaljiya rumatika, 'yan sama da shekara 50 yake kamawa, mata sun fi yawa, kuma yana da ɗan uwa da suke ce wa GCA, kumburin jijiyoyin jini na gefen kai, wanda in ya toshe jinin da ke zuwa ido, idon ya tafi kenan ba ya dawowa. Bai jira sakamako ba. Aka ɗebi jini na ESR da CRP, wato awon kumburi a jiki, aka kwantar da ita a take aka fara allurar siteroyid, maganin rage kumburi, ta jijiya kwana 3, daga baya aka koma ƙwayar firednisolon, ita ma siteroyid ce, miligiram 60. Sikanin jijiyar da ɗan yankan da aka yi mata don awo duk bayan an fara magani ne. Kwana na uku na shigo na tarar Mama ta ɗaga hannu biyu tana gyara gashinta da kanta, sai da na fita waje na share hawaye. Ranar da an ce in ba su tauraro, biyar zan ba su har da ƙari.

To amma fa. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce maganin nan yana tada suga. Sati uku tana ta shan ruwa tana zaryar bayi, ba barci, fuska ta kumbura, na kira lambarsu ya fi sau goma ba a ɗaga ba, sai a wani wajen muka auna muka ga suga ya hau sama sosai. Kalshiyam da bitamin D na kare ƙashi ma sai da na tambaya aka ce au, an manta. Magani da za a sha shekara ɗaya zuwa biyu ana ragewa a hankali, wanda ba a tsayar da shi lokaci guda, a ce takardar ragewar da biro aka zana mana a tsaye a bakin ƙofa, rubutun ma da ƙyar na karanta?

Likitan kam ba ni da abin cewa sai addu'a, idon Mama na nan ras. Sauran kuwa tauraro uku, shi ma don darajarsa. Yanzu tana kan miligiram 20, kuma na sayi na'urar awon suga na ajiye a gefen gadonta.