Dokokin ƙera kayan sihiri a littafin Xanathar's Guide to Everything: sharhi

Duk wanda ya taɓa jagorantar wasan Dungeons & Dragons, wasan teburi da kowane ɗan wasa ke ɗaukar halin wani jarumi a labarin da jagora ke tafiyarwa, ya san yadda gardama ke kaurewa a teburi ranar da ɗan wasa ya ce ya gaji da jiran sa'a, yana so ya ƙera makaminsa na sihiri da hannunsa. Wannan matsala ce ta sa na sayi littafin nan da ya fito a 2017, kuma a kan 'yan shafukan da suka yi maganarta kaɗai zan tsaya.

Kafin in saye shi, da dokar littafin jagoran wasa na 2014 muke aiki, wadda ta ce mai ƙira ba ya wuce aikin zinariya 25 (kuɗin cikin wasan) a rana. Wata 'yar wasanmu ta nemi ƙera takobi mai harshen wuta, wanda ke rukunin kaya masu wuyar samu, kuɗinsa zinariya 5,000. Ta ɗauki fensir ta raba, sai ga kwana 200. Ta dube ni ta ce, "Yanzu abokan gabanmu za su zauna su jira mu kusan wata bakwai?" Ban sami amsar ba ta ba, domin a wannan lissafi kayan da ya kai matsayin almara yana cin kwana 20,000, wato fiye da shekara 54. Daren nan bai ƙare da wasa ba, da musu ya ƙare.

Sabon tsarin ya rage nauyin ƙwarai. Takobin nan ya koma makon aiki 10 da zinariya 2,000, na almara kuma mako 50 da zinariya 100,000, sannan abin da ake amfani da shi sau ɗaya ya ƙare yana cin rabin kuɗi da rabin lokaci. Sai dai ba sauƙin lissafin ne ya fi burge ni ba. Littafin ya gindaya sharaɗin cewa sai an samo wani sinadari na musamman, wanda galibi yake hannun wata halitta mai haɗari, har ya nuna ƙarfin da ya kamata halittar ta kai: mataki na 9 zuwa 12 ga kaya masu wuyar samu, 19 zuwa sama ga na almara. Da wannan sharaɗi ƙira ta tashi daga zaman ƙidayar kwanaki ta koma tafiya. Na ajiye ƙarfen takobin a maƙerar wani ƙaton wuta, 'yan wasan suka kwashe zama uku suna shawarar ko su yaƙe shi, ko su saye shi da alkawari, kuma wadda ta tayar da ƙorafin ita ce ta jagoranci shirin.

Inda littafin ya gaza shi ne batun asirin haɗi, wato bayanin yadda ake ƙera kayan. Ya ce wajibi ne a mallake shi kafin a fara aiki, amma ya bar wa jagora yanke inda za a samo shi, don haka jagoran da ba ya son a ƙera komai zai iya toshe ƙofar ba tare da ya karya doka ba. Akwai kuma izinin da ya bai wa masanin ilimin sihiri ya yi aikin ko da bai iya sana'ar ba, abin da ya ɓata wa mai wasa da halin maƙeri rai a teburinmu, kuma ina ganin yana da gaskiya, tunda wanda bai taɓa riƙe masaba ba bai kamata ya fitar da takobi shi kaɗai ba. Littafin jagora na 2024 ya gyara wannan, inda ya buƙaci ilimin da sana'ar a haɗe.

Ina ba jagororin da ke kan dokokin 2014 shawarar su saye shi, amma su zauna da 'yan wasansu tun kafin a buɗe labari, su daddale yadda ake samun asirin haɗi da wanda ya cancanci shiga maƙera.