Miliyan 12 da dubu 800 na sun tafi a kan motar da ban taɓa gani ba

Jama'a wallahi na daɗe ina danne maganar nan saboda kunya amma yau sai na faɗa. Miliyan 12 da dubu 800. Kuɗin filina da na sayar ne da tarin shekara huɗu.

Kuma kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba. Na yi. Mutumin nan da ya ce zai shigo min da mota ba a Facebook na tsince shi ba, abokin aikina ne ya haɗa mu, na je ofishinsa da ƙafata na ga motoci a jere a bakin ƙofa, aka kira la'asar muka yi salla sahu ɗaya. Ya buɗe kwamfuta ya nuna min Corolla 2015 fara a gwanjon Amurka, ya ce ɗan bugu ne a bamba kawai. Ya dafa ƙirji ya ce Alhaji amana ce tsakanina da kai. Har yau in na kwanta dafa ƙirjin nan nake gani. Wa zai ga haka ya yi zargi?

Miliyan 7 da rabi na fara turawa. Sai miliyan 2 kuɗin jirgi. A'a kafin nan ma ya karɓi dubu 300 wai na ɗauko ta daga filin gwanjo zuwa bakin ruwa. Ya ce sati shida zuwa takwas tana tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas. Wata uku shiru, sai ya kira wai dala ta tashi kwastan sun canza lissafi, kuma tun 2022 da lambar VIN, wato lambar shaida da kowace mota ke da tata, suke yanka kuɗi babu roƙo, in ban turo miliyan 3 ba kuɗin ajiya a tasha zai dinga hawa kullum. Abin haushin duk wannan gaskiya ne, kowa ya sani, shi ya sa na yarda. Har na ce ko ta Kwatano za a bi ya ce ai an hana shigo da mota ta iyakar ƙasa tun Janairun 2017, na ce lallai mutumin nan ya san aikinsa. Na tura miliyan 3.

Takardar jirgi, wato shaidar an loda motar a jirgin ruwa, na nema tun farko fa, kullum sai ya ce tana hannun ejen a Legas. Ƙanen matata ne ya matsa na karɓo VIN ɗin, ya sa a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, ashe motar ambaliya ce ta cinye, kuma an sayar da ita tun kafin ranar da na zauna a ofishin nan. Tsofaffin hotuna ya nuna min yana dafa ƙirji. Motocin bakin ƙofa kuma ashe na maƙwabcinsa ne.

Miliyan 12 da dubu 800, ko taya ban gani ba.

Kada ku tura ko sisi sai kun karɓi VIN kun duba da kanku, kuma ku ga takardar jirgi da sunanku.

Alat ɗin banki huɗu da hirarmu ta WhatsApp da muryoyinsa duk suna wayata, lauyana na ba ni izini zan saka su nan ku gani. Jiya ma na kira lambarsa sau tara, a kashe take.