FreeBMD da sunan Arkwright: inda ya kai ni da inda ya tsaya

Duk mai son bin sawun wani sunan dangi na Turawan Ingila, musamman irin wanda ba kasafai ake jin sa ba, shawarata ya fara da FreeBMD, shafin intanet na jerin haihuwa da aure da mutuwa, kafin ya ciro ko sisin kwabo daga aljihunsa. Kyauta ne, ba a neman ka yi rajista, kuma abin da ke ciki daga kundin gwamnati aka kwafo shi. Na gwada shi da suna guda, Arkwright, don haka a kan wannan sunan zan auna shi.

Ni tarihi nake koyarwa, kuma duk shekara sai na zo kan Richard Arkwright in ana maganar juyin masana'antu. An haife shi a Preston cikin lardin Lancashire a 1732, ɗan tela ne, ya fara sana'a da aski da haɗa gashin kanti a Bolton. A 1769 ya yi wa injinsa na kaɗin auduga rajista, a 1771 ya kafa masana'antar Cromford a Derbyshire wadda ruwa ke juya ta, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1786, ya rasu a 1792. Mutumin na san shi sarai. Sunan ne ya daɗe yana yi mini yawo a rai, domin ban da shi da zuriyarsa, da wuya ka ci karo da wani Arkwright a littattafan da muke karantarwa.

FreeBMD aikin 'yan sa-kai ne da aka fara a 1998, yanzu kuma yana ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Free UK Genealogy. Abin da suka yi shi ne kwafe jerin sunayen haihuwa da aure da mutuwa na Ingila da Wales, tun daga 1 ga Yuli 1837, ranar da gwamnati ta fara rajistar waɗannan abubuwa da kanta. Mutane ne suka zauna suna duba hoton tsofaffin shafuka suna bugawa a kwamfuta, layi bayan layi, miliyoyin sunaye, ba don a biya su ba. Wannan kaɗai ya isa a jinjina musu.

Fuskar shafin ta tsufa, babu ado ko kaɗan, amma tana aiki. Ka rubuta sunan dangi, ka zaɓi ko haihuwa kake nema ko aure ko mutuwa, ka sa shekarun da kake so, in ka ga dama ka taƙaita ga lardi ɗaya ko gunduma ɗaya. Sakamakon yana zuwa a kason wata uku-uku, na Maris da Yuni da Satumba da Disamba, kowane layi da suna da gundumar rajista da lambar kundi da lambar shafi. Akwai kuma wurin da za ka danna ka ga hoton asalin shafin da aka kwafo, kuma na fi yaba wannan da komai, domin idan mai bugawa ya yi tuntuɓe da wani harafi kana iya gani da idonka.

A nan ne ƙarancin suna ya zama alheri. Wanda ya rubuta Smith ko Jones sai shafin ya ce masa sakamakon ya yi yawa, ya rage. Arkwright kuwa ana iya bin sa shekara bayan shekara ba tare da an gaji ba, kuma tun daga shafukan farko ido zai gane inda gidan sunan yake. Lancashire, Lancashire, Lancashire, Preston da kewayenta. Sai can ka ga wasu 'yan tsiraru sun ɓullo a Derbyshire da Herefordshire, kuma wanda ya san tarihin gidan ba zai yi mamaki ba. Ɗan Sir Richard, shi ma Richard, wanda ya rasu a 1843 yana cikin manyan attajiran ƙasar, ya zauna a Willersley kusa da Cromford, ya sayi gidan Sutton Scarsdale a 1824, iyalin kuma suka mallaki Hampton Court ta Herefordshire, wadda ba ita ce fadar da ke kusa da Landan ba. Daga wannan reshen John Stanhope Arkwright ya fito, wanda ya wakilci Hereford a majalisar dokoki a farkon ƙarni na 20. Ke nan jerin sunayen da babu bayani ko ɗaya a cikinsa ya nuna mini gida biyu masu suna ɗaya, masu dukiya da suka bazu inda suka sayi filaye, da sauran dangin suna da suka yi zamansu a arewa maso yamma. Sai dai shafin bai faɗa mini haka da bakinsa ba, ni na haɗa da abin da na riga na sani.

Kuma wannan ce iyakarsa ta farko. FreeBMD ba zai gaya maka ma'anar suna ba. Don wannan sai na koma ga babban ƙamusun sunayen dangi na Oxford da ya fito a 2016 cikin juzu'i huɗu, aikin Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure, mai ɗauke da sunaye sama da 45,000. Arkwright sunan sana'a ne. A tsohon Turanci ark akwatin katako ne babba da ake adana gari ko hatsi a ciki, wright kuma mai ƙera abu, kamar yadda yake a Cartwright da Wainwright, masu ƙera amalanke, da Wheelwright mai ƙera ƙafafunta. Kafintan akwatin hatsi ke nan. Kafintoci irin wannan ba a gari ɗaya suke ba, amma sunan a Lancashire ya kafu, shi ya sa nake ganin inda suna ya taru rabin labarinsa ne, kuma wannan rabin FreeBMD na ba da shi da kyau.

Iyaka ta biyu ita ce shekarar 1837 kanta. Sunayen dangi sun fara zama na gado a Ingila ne bayan zuwan Normawa daga arewacin Faransa a 1066, kuma zuwa wajen 1400 yawancin iyalai sun riga sun samu nasu. Tsakanin nan da 1837 ƙarnuka ne, kuma shafin bai san komai a kansu ba. Sir Richard da kansa ba ya ciki, tunda ya riga rajistar barin duniya da shekara 45. Sannan a shekarun farko ba kowace haihuwa aka rubuta ba, domin sai daga 1875 doka ta ɗora wa iyaye alhakin kai rahoto. Wanda ya ƙirga sunayen 1840 ya ce adadin masu sunan ke nan ya yaudari kansa. Scotland ba ta ciki, nata tsarin daban ne kuma a 1855 ya fara, Ireland ma ba ta ciki. Shekarun baya-bayan nan ma ba a gama kwafe su ba, don haka ba a nan za ka san yawan masu sunan a yau ba.

Akwai wasu ranaku uku da ya kamata mai bincike ya riƙe a ka. Daga 1866 ake sa shekarun mamaci a jerin mutuwa. Daga kason Satumba na 1911 ake sa sunan gidan su uwa a jerin haihuwa, daga 1912 kuma sunan dangin abokin aure a jerin aure. Kafin waɗannan shekarun, gano wa ya auri wa sai ka bi lambar shafi ka ga sauran sunayen da ke tare a shafi ɗaya, ka yi ta auna wanne ne da wanne. Aiki ne mai cin lokaci, amma da suna irin Arkwright yana yiwuwa. Kada kuma a manta da zaɓin nema ta lafazi, saboda magatakardan wancan zamani yadda suka ji suna haka suke rubuta shi.

Idan ka sami layin da kake so, cikakkiyar takardar shaida ba a FreeBMD take ba. Sai ka ɗauki lambar kundi da lambar shafi ka nema daga babban ofishin rajista na gwamnati da ke Southport, a can ne ake biyan kuɗi da fam. A takardar ne za ka ga sunan uba da sana'arsa da ainihin ranar.

Abin da ya sa nake dagewa kan a fara da nan shi ne irin shagunan da ke sayar da “tarihin sunanka” a takarda mai ruwan tsufa, da tambarin gida a sama. Na karanta ɗaya da aka yi wa wannan sunan, rabinta labarin Normawa ne da zai dace da kowane suna. Batun tambarin ma, hukumar da ke kula da tambura a Landan, College of Arms, wadda aka kafa a 1484, ta daɗe tana cewa babu tambari na sunan dangi. Mutum ake ba, 'ya'yansa su gada. Jikan manomi a Preston ba shi da haƙƙi a tambarin attajirin Cromford don kawai sunansu ɗaya, kuma ina jin takaici idan na ga an karɓi kuɗin mutum a kan haka.

Mai son ya tsallaka bayan 1837 sai ya koma ga 'yan'uwan shafin guda biyu na ƙungiya ɗaya. FreeCEN na kwafe ƙidayar jama'a ta ƙarni na 19, FreeREG kuma kundin majami'u na baftisma da aure da jana'iza, wanda aka fara ajiyewa a 1538 bisa umarnin Thomas Cromwell. Waɗannan biyun ba su cika kamar FreeBMD ba, wani lardin an yi nisa, wani kuma da saura, don haka a fara duba ko majami'un Preston da kewayenta sun shiga kafin a yanke hukunci cewa babu wani Arkwright a wata shekara.