Tafasa ruwa ko jefa kilorin?

Da damina, ambaliya kan kwaso bayan gida ta zuba a rijiyoyi, ta nan kwalara ke shiga gidaje a garuruwan bakin kogi irin su Argungu da Yawuri. Tafasa ruwa na kashe ƙwayar cutar, muddin ya yi minti 1 yana tafarfasa. Sai dai itace ya yi tsada, kuma da ya huce a randa, yaro ya tsoma moɗa da hannu mai datti, aiki ya koma baya. Kilorin kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, a jefa a jarka, a jira minti 30, ragowarsa na ci gaba da tsare ruwan. Warinsa ne mutane ke gudu. Ni dai shi na zaɓa, amma in ruwan na da laka, a tace da tsumma mai tsabta tukuna.