Pawa bank, caja da adaftan da nake fita da su ƙasar waje

Duk wanda zai fita waje ya tambaye ni wane pawa bank zai saya, amsata ɗaya ce: mai 20,000mAh, wanda aka buga 74Wh a jikinsa ƙarara (mAh da Wh duk awon yawan wutar da batiri ke ɗauka ne), kuma yana shan caji ta USB-C. Na san ba haka ake tallarsa a kasuwa ba. Mai shago zai ɗauko maka wani jibgege mai 50,000 ko 60,000, ga tocila, ga igiyoyi huɗu a maƙale, ya ce da wannan sai ka yi mako ba ka nemi wuta ba. A gida yana da ranarsa, ban musa ba. Amma ba ya hawa jirgi, kuma a nan mutanenmu ke tafka asara.

Ni harkar takalma da jakunkuna nake yi. Ita ke kai ni Guangzhou da Yiwu, wani lokaci Dubai, kuma Allah ya nufe ni da Hajji da Umra. Abu uku ne ba sa barin jakar hannuna: pawa bank ɗin nan mai 20,000, kan caja mai ƙarfin wat 65, sai ƙaramin adafta. Na daɗe ina aiki da su, shi ya sa na ga ya dace in faɗi inda suka biya ni da inda suka gaza.

Ma'aikatan filin jirgi ba mAh suke dubawa ba, Wh suke nema. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da dubu. Mai 10,000 zai ba ka 37Wh, mai 20,000 ya ba ka 74Wh, mai 27,000 kuma ya tsaya dab da 100. Ƙa'idar da galibin kamfanonin jiragen duniya ke bi ita ce, duk abin da bai wuce 100Wh ba ka shiga da shi a jakar hannu ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya yarda. Abin da ya haura 160 ba ya shiga ko ta wace hanya. Mai 30,000 ya kai 111Wh, ya riga ya faɗa layin neman izini. Mai 50,000 kuwa 185Wh ne, babu maganarsa. Kuma kowane iri ne, ba a sa shi a babbar jakar da za a auna a jefa cikin ɗakin kaya. Batirin litiyom idan ya kama da wuta a inda mutane suke, ma'aikatan jirgi za su gani su kashe. A ƙasan jirgi babu mai gani.

An ƙara tsaurara abin tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, jirgin yana ƙasa bai kai ga tashi ba, kuma bincike ya karkata ga pawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Daga 1 ga Oktoban 2025 Emirates ta hana amfani da pawa bank a cikin jirginta: guda ɗaya za ka shiga da shi, ƙasa da 100Wh, ba za ka caja waya da shi ba, ba za ka caja shi ba, kuma ba a ma'ajiyar sama za ka ajiye shi ba, sai aljihun kujera ko jakar da ke ƙarƙashin kujerar gabanka. Ni yanzu ko wane jirgi na hau haka nake yi, don hankalina ya fi kwanciya in yana inda hannuna zai kai.

Masu zuwa China su ne nake so su fi buɗe kunne. Tun 28 ga Yunin 2025 hukumar jiragen sama ta ƙasar ta hana shiga jiragen cikin gida da pawa bank da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta China, wanda suke kira 3C, ko wanda tambarinsa ya goge, ko wanda kamfaninsa ya janye daga kasuwa. Ka sauka Guangzhou lafiya da naka, ranar da za ka hau jirgin Yiwu ko Shanghai a nan za a raba ka da shi. Da idona na ga kwandon da suke tara waɗanda suka karɓe, a cike, har da masu tsada waɗanda aka saya a Turai, don su alamar CE ke jikinsu ba CCC ba. Wani ɗan'uwanmu da muke tafe tare ya yi ta nuna musu cewa nasa sabo ne fil, jami'ar ta juya shi ta duba, ta girgiza kai, ta nuna masa kwandon. Nawa a can na saye shi, tambarin na nan, na kuma manna farin salatif a kan rubutun bayansa don kada gogayyar jaka ta cinye shi. Wannan ɗan salatif ɗin na da muhimmanci, domin pawa bank da ba a iya karanta ƙarfinsa ana iya karɓe shi a ko'ina, ko da ƙarami ne.

Game da aikinsa kuwa, kada kowa ya sa ran 20,000 za ta cika wayar da batirinta 5,000 ne har sau huɗu. Wutar tana raguwa a hanya, wani kaso ya tafi a zafi, wani a sauya ƙarfi daga na batirin zuwa na waya. Nawa yana cika wayata sau uku in ban taɓa ta ba, in kuwa ina aiki da ita tana caji, biyu da ɗoriya. Kamfanonin kirki ba sa ɓoye wannan, za ka ga sun rubuta wata lamba ƙarama, wajen 12,000 zuwa 13,000mAh a 5V, wadda ita ce ainihin abin da zai fito. Ga kuma awon da ba ya ƙarya: nauyi. Mai 20,000 na gaskiya ya kan kai giram 350 zuwa sama. In aka miƙo maka wanda aka rubuta 50,000 ka ji shi sakayau a hannu, mayar masa da kayansa.

Inda na fi gode masa shi ne Mina da Arfa. A tantin Mina soket kaɗan ne, mutane kuma da yawa, kowa da wayarsa, wani da biyu. Daren Muzdalifa kuwa a fili ake kwana, babu inda za ka soka komai. Ga shi waya ta zama dole: da ita za ka nemo tantinku in ka ɓace a hanyar jifa, da ita za ka kira wanda kuka rabu a cunkoso, da ita iyali a gida za su ji lafiyarka. Ya riƙe ni daga safiyar Arfa har muka koma Mina, na kuma sam wa wani dattijo da wayarsa ta mutu yana neman 'yan jiharsu. Abin da nake kiyayewa shi ne zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, kuma batirin litiyom ba ya shiri da irin wannan. Ba na barin sa a rana, ba na caja waya da shi a cikin jaka a rufe, in na ji ya ɗau zafi sai in zare in bar shi ya huce. Wanda ya fara kumbura kuwa ya gama aiki, kada a yi tafiya da shi.

Aibinsa nauyin nan ne. A aljihun riga yana ja, ga mai ihrami kuma sai dai jakar ɗamara. Ranar da zan yini ina zaga kasuwa a Guangzhou, inda ko'ina akwai wurin caji, mai 10,000 ya fi daɗin ɗauka. Hajiya ko dattijon da kira da WhatsApp kawai yake yi, shi ma 10,000 ta ishe shi.

Abin da mutane ba sa tambaya wajen saye shi ne tsawon lokacin da shi kansa pawa bank ɗin ke ɗauka kafin ya cika. Mai tsohon bakin nan ƙarami da ke shan wat 10 sai ya kwana ya hantse bai cika ba. Nawa yana shan wat 30, cikin awa uku da 'yan mintuna ya gama. A tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin otal-otal da yawa a China da Dubai da Saudiyya katin ƙofa ne ke kunna wutar ɗaki. Ka zare shi ka fita, soket ya mutu. Lokacin cajinka shi ne lokacin da kake ciki. Kuma dama barin batiri a jone babu kowa a ɗaki ba dabara ba ce.

Kan cajar Anker ne, mai wat 65, baki uku: USB-C biyu da USB na da guda ɗaya. Irin waɗanda ake kira GaN ne, wata fasaha da ke rage girman caja, shi ya sa bai fi rabin girman cajar kwamfuta ta da ba. Da shi kaɗai nake caja kwamfuta da waya da pawa bank, na daina ɗaukar caja uku. Sai dai a sani, wat 65 ɗin na baki ɗaya ne. In ka jona abu biyu ko uku rabawa yake yi, don haka in ina sauri sai in ba kwamfuta ita kaɗai. Wasu wayoyin kuma, irin Oppo da Xiaomi, suna da nasu tsarin caji mai sauri wanda sai da cajarsu da igiyarsu yake kai ƙarshen gudunsa. Mai irin wannan waya ya tafi da cajar da ta zo a kwali. Igiya ma tana da nata: USB-C ta gama-gari wat 60 take ɗauka, abin da ya fi haka sai wadda aka rubuta 5A ko 100W. Ina tafiya da biyu, doguwa da gajera, don igiya ce ke fara mutuwa, kuma a filin jirgi tsadarta ba ta da kai.

Sai adafta, wanda shi ne aka fi ruɗewa a kansa. Ɗan Najeriya da zai je Saudiyya, Dubai, Ingila ko Ghana ba ya buƙatar komai, soket ɗinsu mai ƙafa uku masu faɗi ne irin namu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da suka saba da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, su ne za su nemi adafta in za su Makka. In kuma Masar ko Turkiyya ko Jamus za a je, mu ne masu nema, su kuwa nasu ya shiga kai tsaye. China nata daban: sama rami biyu, ƙasa rami uku a karkace, kuma filoginmu ba ya shiga ko ɗaya, sai in ka dace da otal mai soket ɗin da ke karɓar kowane iri. Amurka masu faɗi biyu ne a tsaye. Indiya da Afirka ta Kudu suna da mai ƙafa uku zagayayyu.

Na yi aiki da babban adaftan nan na duk duniya, mai maɓallan da ake turawa ƙafafu su fito. Ba zan ce ba shi da amfani ba. Wanda zai ratsa ƙasa uku a tafiya ɗaya zai ji daɗinsa. Amma yana da nauyi, in ka ɗora masa kan caja sai ya rinjaya ya saki, musamman a soket ɗin China da na Amurka da ba sa riƙewa da ƙarfi. Ka kwanta kana zaton waya na caji, ka tashi ka tarar da ita yadda ka bar ta. Yawancinsu kuma ba su da layin ƙasa na kariya, kuma fis ɗinsu ƙarami ne. Yanzu ƙaramin adafta nake saya na ƙasar da zan je kawai, guda biyu, marar wani maɓalli, mai kama soket gam. In muna da yawa a ɗaki sai in haɗa da soket mai dogon waya irin na gida: adafta ɗaya a bango, kowa ya soka cajarsa. Ɗabi'ar nan ta tura tsinke ko murfin biro a ramin sama don a cusa filogi mai ƙafa biyu, don Allah a bar ta. Ƙofar da ke rufe ramukan don kare rai aka yi ta, kuma filogin da aka cusa da ƙarfi ba ya zama daidai, sai ya yi ta tartsatsi yana zafi.

Adafta siffar baki kawai yake sauyawa, ba ya taɓa ƙarfin wuta. Najeriya da Nijar da Saudiyya da China da Turai duk tsakanin bolt 220 ne zuwa 240, Amurka da Kanada 120, Japan 100. Cajar waya da ta kwamfuta ba ruwansu, duba jikinsu za ka ga 100–240V, 50/60Hz, ko'ina suna aiki. Matsalar tana ga abin da ke yin zafi ko mai inji: butar lantarki, dutsen guga, na'urar busar da gashi, injin aski. Butar da ka saya a Kano in ka kai ta Amurka za ta yi ta fama ruwa bai tafasa ba, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta za ta samu. Wadda aka sayo a Amurka aka jona a soket ɗinmu kuwa nan take za ta ƙone, ko da adafta ko babu. Masu karɓar tsarabar injin aski ko na markaɗe daga can su fara juya shi su karanta. In 120V kaɗai aka rubuta, sai an haɗa shi da taransfoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya fi na na'urar.